Kafin Ka Ja Jan Layi a Kan Sunan Yaro

Unguwar Hausari,
Maiduguri.

Zuwa ga ɗana Babagana, mai sunan mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, wadda ta fi ganyen dogon yaron Maiduguri yawa, ina fatan wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokin aikinka, da mai masaukinka da iyalinsa, da bulaman gari da dattawansa. Allah Ya tsare ka a zaune da tafe, Ya tsare hanyar da ke tsakaninmu, Ya kau da idon mugu daga kanka.

Gaisuwa na aika, ta bi hanya da lafiya,
Ta iske ka a tsaye, da ƙarfin jiki da zuciya.
In ta same ka da fushi, ta zauna ta yi juriya,
Har ka huce, ka warware ta, ka ɗebi rabonka na gaskiya.

Labarin gida na bar wa mahaifiyarka, ta fi ni iya ba da shi. Ni gafara na zo nema tun kafin in ce komai, domin na kutsa kai cikin maganar da ba da ni aka yi ba. Ranar Jumma'a da ka hau tudun da kuke samun sabis ka kira ta, ina zaure ina shirin masallaci. Ka san ta da waya, ba ta amsawa sai ta buɗe muryar yadda har Emeka mai shagon ƙofar gidanmu zai iya sa baki. Ban kasa kunne ba, maganar ce ta tako ta same ni. Na ji ka ce yaran da suka cika maka aji biyu makon da ka sauka yanzu ba su kai ashirin ba. Na ji ka ce ka kira taron iyaye ba wanda ya zo sai mutum uku. Na ji ka ce za ka soke sunan duk yaron da ya yi mako biyu bai zo ba, ka rubuta wa ofis cewa garin ba ya son makaranta, ka nemi a dawo da kai birni. A ƙarshe ka ce a ba Kyari direba jan biro ya kawo maka, naka ya bushe.

Da baki ba zan iya faɗa maka abin da ke tafe ba. Uba yana jin nauyin ɗansa na fari, balle mai sunan mahaifinsa, balle kuma in zancen na kurakuran uban ne. Takarda ba ta da ido, shi ya sa na zaɓe ta.

Kana goye aka tura ni shugabancin wata makarantar firamare a ƙasar firgi, can gabas, ƙasa irin wadda kake ciki yanzu: baƙar laka shimfiɗe har iyakar gani, da damina tabki, da rani fage. Na bar ku a nan Hausari na tafi. Tun muna bayan a-kori-kura, ban ga garin ba, ban san sunan yaro ko ɗaya ba, na fara tsara wa makarantar waƙa. A ganina abin da ke haɗa kan makaranta ke nan: tuta, da layi, da waƙa mai amo. Farkonta yana cewa:

Ku taso ɗiyan gari, ga fitila ta iso,
Duhun jahilci ya kau, rana ta ɓullo ta taso.

Na yi mako biyu ina koya wa yara ita. Yawancinsu Barebari ne, sai 'ya'yan Shuwa da na Hausawa masunta kaɗan, Hausar da yawansu ba ta wuce ta kasuwa ba, amma suka haddace tsaf. Duk wannan lokaci ban taka ƙofar bulama ba. Takarda na aika masa, wai ana gayyatarsa ya zo ya ga ci gaba. Ya zo kuwa, da safiyar Litinin, shi da dattawa biyar. Na jera yara suka rera, ina tsaye ina kumbura kamar zakaran da ya ɗauka shi ya fito da rana.

Malami ɗaya gare ni a makarantar, Malam Bitrus, mutumin kudancin Borno, ya shekara tara a garin, yana jin Barbarci kamar a can aka yanke masa cibiya. Bulama ya dube ni ya ce, "Malam Afuno," haka ya raɗa mini, da sunan da Barebari ke kiran Bahaushe, "muryar yaran ta yi daɗi. Me suke cewa?"

Bitrus ya yi maza ya ce, "Ranka ya daɗe, waƙar yara ce kawai."

Bulama ya ce, "Ni ma jiya-jiya yaro ne. Faɗa mini."

Ba yadda Bitrus zai yi, ya fassara. Bulama ya shafa gemu, sannan ya ce cikin Hausarsa mai nauyi, "Fitilar na gane ta, kai ne. Ranar ma na gane ta, kai ne dai. To duhun fa, Malam? Don kafin ka zo mu kaɗai ne a garin."

Dattawa suka yi dariya, ban da wani tsoho guda. Daga baya na ji cewa tsohon nan ya rubuta Alƙur'ani da ka, da hannunsa, har sau biyu. Shi na sa jikokinsa suka tsaya gabansa suna kiransa duhu.

Ɗana, garin da ka je ba kango ba ne da ke jiran ka zo ka kunna masa wuta. Kafin a aza tubalin makarantarka suna da malamansu, da tsarin aikinsu, da hanyar da suke renon 'ya'yansu. Baƙo shi ke zuwa gaida gari. In taron iyayenka da takarda ka kira shi, kada ka yi mamakin mutum uku. Ka gode wa ukun nan, sun yi maka kara. Ka cire takalmi a ƙofar bulama, ka ce wushe, wato sannu da Barbarci, ka sha ruwan da aka ba ka, ka yi ta'aziyyar wanda ba ka sani ba, ka je sunan jaririn da ba a gayyace ka ba. Wanda ka zauna a tabarmarsa shi zai zauna a bencinka.

Wannan kunya ce kawai na sha, kunya kuwa tana warkewa. Abin da ya biyo baya shi ne bai warke ba.

Da ruwa ya ɗauke, sai ajina ya fara zubewa kamar ganyen kaka. Yau babu biyar, gobe babu goma. Bitrus ya ce, "Malam, firgi ce ta kira su. Dashen masakwa ya kama. Kwana ashirin ne, za su dawo." Ni ɗan birni, masakwa a tuwo kawai na san ta. Na ce masa makaranta ba kasuwar ƙauye ba ce da ake ci ranar da aka ga dama. Na buɗe rajista, na ɗauki jan biro, na ja layi a kan sunan duk wanda ya yi mako biyu bai zo ba. Ban tsaya nan ba. Ranar kasuwa na tsaya ƙarƙashin tsamiya na karanta sunayen da ƙarfi, da sunayen iyayensu, wai don su ji kunya su kawo yaran. Cikin sunayen akwai Adam, ɗan shekara goma, maraya, jikan wata tsohuwa da ake kira Ya Aisa. Duk ajin babu wanda ya kai shi lissafi.

Sun ji kunyar, amma ba irin wadda na nufa ba. Washegari har waɗanda ke zuwa aka janye. Na wayi gari da yara bakwai a makaranta. Na zauna na rubuta wa ofis irin takardar da kake shirin rubutawa, kusan kalma da kalma: garin nan ba ya son ilimi, a mai da ni birni. Na ba Bitrus ya kai tasha. Ya karɓa, ya linke, ya sa a aljihu, ya ce, "Mota sai kasuwa mai zuwa. Kafin nan, taho ka ga ɓarawon da ya sace maka yara, ko don ka rubuta kamanninsa daidai."

Muka fita bayan gari. Babagana, ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Masakwa dawa ce da ba ta jiran ruwan sama. Ana renon irinta da damina, sai ruwan da ya kwanta a firgi ya janye, ƙasa tana da sauran danshi, a dasa. Namiji yana gaba da wata sanda mai nauyi mai tsini, yana ɗagawa yana caka rami. A bayansa yaro da butar ruwa yana zuba ɗan kaɗan a kowane rami, a bayansa wani yana sa tsiro biyu. Daga wannan ɗan ruwan ba za ta ƙara ganin wani ba har girbi. Kwanakin kuwa ƙidayayyu ne: in rana ta riga ka, laka ta bushe ta tsattsage, sanda ba za ta shiga ba, gidan kuma ya rasa abincin shekara. Yaran da na kira malalata ga su can tun hantsi, laka har gwiwa, suna tseren ceton tuwon gidajensu.

Na taka in matsa kusa, firgi ta riƙe ƙafata. Na fizge, ƙafa ta fito, takalmi ya zauna. Takalmin fata ne na birni, da shi na yi hoton kammala kwaleji. Yara suka fashe da dariya har wasu na faɗuwa. Ranar ce ta farko da na ji dariyarsu, wata biyu ina tare da su.

A wurin na karɓi takardata daga aljihun Bitrus. Muka shirya cewa makaranta ce za ta bi yara gona: da safe mu haɗu gaba ɗaya mu taya gida ɗaya dashe, bayan azahar mu yi karatu a inuwar tsamiya. Hannu da yawa kan gama a yini abin da gida ɗaya zai yi mako yana yi, kowa ya samu sarari ya dawo aji da wuri. Dabara ce mai kyau, har yau ina tsaye a kanta. Amma ka ji yadda na ɓata ta. Don in wanke laifina wurin manya, sai na fara da gonar bulama. Kwana huɗu muka yi a can, muka wuce ta liman.

A rana ta biyar Ya Aisa ta same ni a bakin gona, tana dogara kara. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, Bitrus yana fassarawa, "Malam, gonar bulama hannu talatin gare ta tun kafin ka zo. Tawa hannu huɗu ne, biyu na tsohuwa, biyu na yaron da ka karanta sunansa a kasuwa. Ka ɗebi ruwa ka kai wa kogi."

Na ce ta yi haƙuri, layi zai zo kanta. Layi ya zo kanta a rana ta tara. Muka tarar ƙasar ta tsage har hannu yana shiga. Ƙarti biyu suka yi ta caka sanda tana tsalle. Muka dasa abin da muka iya, bai kama ba. Kafin girbi Ya Aisa ta ɗaure kayanta, ta kama hannun Adam, suka koma wurin ɗan'uwanta a bakin tabki, inda babu makaranta. Sauran sunayen da na soke duk na sake rubuta su da shuɗin biro, masu su sun dawo. Nasa ne kaɗai ya zauna da jan layinsa.

Da na je ina yi wa bulama ƙorafin ƙaddara, bai raga mini ba. Ya ce, "Da ka tambaye ni, da na ce ka fara da ita. Amma kai ba ka tambaya, Malam Afuno. Sanarwa kake yi."

Ka riƙe wannan fiye da komai a takardar nan. In za ka haɗa makaranta da gari, kada ka fara da gidan da ya fi ƙarfi, ka fara da gidan da ya fi ƙarancin hannu. Mai ƙarfi ba zai ji haushi ba in mutumin kirki ne, marar ƙarfi kuwa ba zai manta ba. Kuma kada ka tsara layin kai kaɗai a ɗakinka. Ka zauna da bulama da liman, ka aika a tambayi mata, don su suka san tukunyar da ba ta hau wuta ba.

Shekara ta biyu haka muka yi. Muka fara da gwauraye da tsofaffi, gonar bulama ta zo ƙarshe, shi da kansa ya ce a sa ta can. Bitrus ya kawo shawarar kada a bar yara su ware unguwa-unguwa, kowane layin dashe a sa Babarbare da Bashuwa da Bahaushe, mai buta ya dogara da mai tsiro, mai tsiro ya dogara da mai buta. Yaran da a aji ba sa zama benci ɗaya suka koma cin ɗumame a ƙwarya ɗaya. A shekara ta uku gari ya yanka wa makaranta nata yankin firgi, da dawarsa ake dama wa yara kunu lokacin tara. Da iskar farkon damina ta yaye rufin aji ɗaya, ban rubuta takarda ba, ban aika kowa ba. Na fito na tarar da maza a kan katanga, mata na miƙa ruwa, wani yana yi wa wani tsawa da cewa, "Ɗaure da kyau, ɗakin 'ya'yanmu ne." A da ana cewa makarantar gwamnati, ko makarantar Afuno. Ban san ranar da ta koma makarantarmu ba.

Waƙata kuwa ta mutu ba wanda ya yi mata zaman makoki. Yara suka ƙirƙiro tasu a bakin rami, rabi Barbarci rabi Hausa. Ga ta yadda na mai da ita Hausa zalla:

Malam Afuno ya zo dashe,
Firgi ta cinye takalminsa.
Rami nawa? Rami goma.
Zuba ruwa, sa biyu, wuce.

Ba ta da amsa-amo, ƙafafunta ba su daidaita ba, ni da na ƙare ƙuruciyata kan auna baiti na so in gyara ta. Bitrus ya ce in na taɓa ta zai nemi canjin wurin aiki. Da ita suke shiga aji, da ita suka raka 'yan ƙwallonmu garin maƙwabta, da ita 'yan aji ɗaya suka koyi cewa rami goma tsiro ashirin ne. Waƙar makaranta ba a zuwa da ita a jaka. Ka jira, za ta fito, kuma kada ka ji zafi in da kai aka yi ta.

Saura abu ɗaya. Shekara biyu da suka wuce na tari keke napep daga nan Hausari zuwa Gomari gaida marar lafiya. Na faɗi inda za ni, mai keken ya waiwayo ya ƙura mini ido, ya ce, "Malam Afuno ne?" Adam ne, da furfura ɗaya-ɗaya a gemu. Shekarun tashin hankali ne suka koro su birni, Ya Aisa ta daɗe da rasuwa. Ya gaishe ni da ladabi kamar na taɓa yi masa alheri. Da muka isa ya kashe keken, ya zaro wata takarda daga ƙarƙashin kujera, ya ce, "Malam, karanta mini. 'Yata ce ta kawo daga makaranta tun shekaranjiya, na ji nauyin in ce mata ban iya ba." Na karanta. Ana gayyatarsa ranar rabon kyauta, yarinyar ta zo ta ɗaya a lissafi. Ya yi murmushi ya ce, "Nawa ta gada. Ka tuna, Malam, ai ina ja."

Na ce na tuna. Na nemi gafararsa, ya ce, "Haba Malam, rabo ne." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Don haka, ɗana, ban ce ka yi ƙarya a rajista ba. Wanda bai zo ba ka rubuta bai zo ba, ka rubuta dalili, ka sanar da ofis abin da kake shirin yi da hannunka kafin wani ya kai musu da bakinsa. Ban ce ka mai da 'ya'yan mutane 'yan ƙwadago ba: ƙanana tsiro kawai za su riƙe, aikin na iyayensu ne, kuma kada tsinke ɗaya ya shiga rumbunka. Zamaninku kuma ba namu ba ne. Kada ka fita da yara gonar da bulama da masu tsaron gari ba su ce a je ba, kada ku yi nisa, ku dawo rana tana sama. Mai yiwuwa ma ba masakwa ce ta kwashe naka ba, ko da yake watan nata ne. Ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba tukuna. Ka je ka gani.

In ka je ka gani, ka zauna har dashe ya ƙare, zuciyarka ta ce sai birni, ka dawo. Ƙofar gidan nan ba ta san kulle a gare ka ba. Amma ka tuna kai ma dashe ne. An tumɓuke ka daga inda aka rene ka an sa ka a baƙuwar ƙasa da ɗan ruwa kaɗan. Tsiron masakwa makon farko kwanciya yake yi kamar ya mutu, alhali saiwarsa ce ke neman danshi a ƙasa.

Kyari zai miƙa maka ƙunshi biyu tare da takardar nan. Ɗaya goro ne, na bulama, ka kai da ƙafarka. Ɗaya dogon takalmin roba ne, don kada firgi ta ci takalmin gidanmu sau biyu. Jan biron kuwa mahaifiyarka ta saya, na karɓa, yana aljihun rigata.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka haƙurin manomi da idon makiyayi, Ya tsare ka da yaran da aka ba ka amana, Ya kiyaye garin da mutanensa, Ya dawo mana da kai lafiya a lokacin da ya fi alheri. Ka gaida abokin aikinka, kuma ka riƙa tambayarsa kafin ka yi sanarwa.

Ina roƙonka ka ba ni amsa a rubuce, ba ta waya ba, ka ba Kyari ya taho da ita ranar da zai juyo daga kasuwarku, kada ta kwana biyu. Ka rubuto mini sunan gidan da ya fi ƙarancin hannu a garin, da ranar da za ku je gonarsu. In bayan ka san sunan nan har yanzu kana son biron, ka faɗa, zan aiko.

Ni ne mahaifinka,
wanda a wani gari har yau ake kira Malam Afuno.